Bakin Zaren da Yaya Ya Bari

Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Yaya ya riga mu a kakar bana, ana tsakiyar karyar masara, bayan jinyar da ba ta ɗauki lokaci ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba an fara taƙaita shi. Kowa ya zo sai ya ce, "Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne." Gaskiya ne, amma haka ake faɗa a kan kowane mamaci. Mu da muka yi makarantar mishan ta wancan zamani an hore mu da cewa in za ka yi bayani ka yi shi cikakke, in ba za ka iya ba ka kama bakinka. Zan yi ƙoƙarin cika nawa.

Ɗan kawuna ne, wato abokin wasana, amma gida ɗaya muka tashi, a wani ƙauye da ke tsakanin Funtua da Tsiga. Ya girme ni nesa ba kusa ba, saboda haka Yaya nake ce masa. Shi kuwa har ya bar duniya bai daina kirana Ɗan Mishan ba, ko bayan na yi furfura na ajiye aikin hedimasta.

Zaman makokinsa ya tara mutanen da ba su saba zama a tabarma ɗaya ba. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar gona sun zo a motoci daga Funtua da Malumfashi. Bayan an shafa fatiha ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce mini, "Hedimasta, ɗan'uwanka ya wahalar da mu. Takardar da za a sa wa hannu kafin azahar, in ta biyo ta teburinsa sai ka manta da ita." Na kusa da shi ya ce, "Amma wadda ya sa wa hannu, ka taɓa jin an dawo ana kuka da ita?" Na farkon ya share ido da hannun riga.

Matan ƙauyen da ke gangaren rafinmu sun zo a ƙafa, suka shiga cikin gida wurin Hajiya, matarsa. 'Yarsa ta gaya mini cewa wata tsohuwa a cikinsu ba ta ce komai a kan halinsa ba. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, "Rijiyarmu ba ta taɓa ƙafewa ba. Ku dai ku sani, ba ta taɓa ƙafewa ba." Baƙin da ba su san zancen ba suka ɗauka ruɗin tsufa ne.

Sai Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune a bayan ƙauyenmu tun zamanin kakanni. Ya jingine sandarsa a bakin zaure, ya yi gaisuwa, ya daɗe kansa a sunkuye. Da zai tashi ya matso ya ce mini a hankali, "Malam, na san ba lokacinsa ba ne. Amma kwarin fa?" Babban ɗan marigayin, wanda a gida ake kira Magaji, yana zaune a gefena kuma ya ji. Bai ɗago kai ba.

Wajibi ne in bayyana wannan kwari, domin a kansa komai ya rataya. Wani yanki ne na gonar Yaya, a saman fadamarmu, inda ruwan damina kan taru ya kwanta ya nutse a hankali. Baƙar ƙasa ce mai kyau, irin wadda manomi kan gani yawunsa ya tsinke. Yaya bai taɓa sa mata garma ba. Ya bar ta da ciyawarta da tsamiyarta da 'yan itatuwan gawo, ya kuma bar wa shanun Ardo siririyar hanya su riƙa zuwa sha da rani. A cewarsa, ruwan da ke nutsewa a nan shi ne ke fitowa a rijiyoyin gangare in rani ya tsananta. Yanzu kwarin ya zama gado, kuma kaso mafi girma na Magaji ne, domin shi kaɗai ne namiji. Ga shi wani shirin noman rani ya iso yankinmu, ana ba da injin ban-ruwa ga duk wanda ya nuna fadamar da zai haƙa rijiya ya shuka tumatir, kuma sai an nuna kafin a gama girbin dawa. Magaji ya daɗe yana so. Wanda ke hana shi kuwa mun baro shi a makwancinsa.

Yaya ya yi karatun aikin gona mai zurfi. Ya fara da malamin gona, yana yawo a keke zamanin da auduga ke da daraja, ya yi ta hawa har ya zauna a kwamitocin da ke tsara ayyukan raya karkara. A tsakiyar aikinsa aka tura shi wani kwas, ya dawo da abin da ya kira ilimin yadda abubuwa ke riƙe da juna. Na nemi ya ba ni ma'anarsa a jimla ɗaya, kamar yadda ya dace da kowane ilimi da ya amsa sunansa.

Ya ce, "Ɗan Mishan, kai komai sai an yanka maka an jera a faranti. To ga jimlarka: ba a taɓa abu ɗaya."

Na ce wannan ba ma'ana ba ce, karin magana ce.

Ya ce, "To sa mata jan biro."

Ba mu yi kama ba. Ni ina son layi miƙaƙƙe da cika lokaci da rubutu mai tsabta. Shi rubutunsa kamar kaji sun yi tono, agogonsa kullum a baya, aljihunsa cike da ƙwayoyin iri da ya tsinto a gonakin mutane. Duk da haka, na yi rayuwata a cikin malamai ban ga mai tsari a tunani kamarsa ba.

Tambayarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san ta: "Daga nan sai me?" In ka ce za a kawo tarakta, sai ya ce madalla, daga nan sai me? Ka ce za a sare gawon da ke tare mata hanya. Daga nan sai me? Sai ka tuna gawo ne ke zubar da ganye da damina ya zama taki, kuma a inuwarsa shanu ke wuni da rani su bar kashi. In ya tafi sai buhun takin zamani ya maye gurbinsa, wanda ba kowa ke iya samu ba. Wanda ya kasa sai ya bar wa mai tarakta gonarsa, mai tarakta ya ƙara sare gawo. "Ka ga mun dawo inda muka tashi," in ji shi, "sai dai itace ya ragu, manoma sun ragu." Ba ƙin tarakta yake ba. Cewa yake a koya wa direba kewaye itace.

Hanyar aikinsa kuwa zare ce. Yana da dunƙulen abawa, zaren hannu mai kauri irin wanda mahaifiyarsa take kaɗawa, in ya ƙare sai ya nemi tsohuwar da har yanzu take riƙe da mazari ya sa ta yi masa wani. Na ga aikin da idona a sakatariyar ƙaramar hukuma, shekarar da aka fara zancen raba injunan ban-ruwa, ina cikin kwamitin a matsayin wakilin malaman makaranta.

Ya ƙi a zauna a ofis. Ya fitar da mu gindin darbejiya, da shugaban ƙaramar hukuma da babbar rigarsa, da injiniyoyin da suka zo daga Katsina, da mutanen da shi ya gayyato ba tare da neman izinin kowa ba: mai noman rani, da makiyayi, da wata mata mai ɗiban ruwa a rijiya. Ya ajiye tulu a tsakiya ya ce wannan shi ne ruwan da ke ƙarƙashin fadama. Ya ɗaura zarurruka a wuyan tulun ya miƙa wa kowa baki ɗaya-ɗaya. Sa'an nan ya haɗa mutum da mutum, makiyayi da manomi saboda taki da kara, manomi da matar saboda rijiya, har muka zama kamar saƙar gizo-gizo.

Shugaba ya ce, "Malam, wasan yara ka tara mu mu yi?"

"Ranka ya daɗe, riƙe dai. Kai ne mai inji. Ja."

Shugaba ya ja. Tulun ya gusa wajensa, zaren matar ya miƙe ya kufce daga hannunta.

Yaya ya ce mata, "Baiwar Allah, me ya faru?"

"Ai ka gani," in ji ta. "Mai babbar riga ya kwashe."

Aka yi dariya, har da shugaban. Yaya ya ce mata, "To rijiyarki ta ƙafe. Me za ki yi?" Ta ce za ta sa maigida ya ƙara mata zurfi. Ya juya ga mai noman rani, "Kai fa, da ruwa ya yi ƙasa?" Ya ce zai nemi injin da ya fi ƙarfi. "To ja." Ya ja, tulun ya karkata. Makiyayi ya ce shi kam in mashaya ta bushe ba zai tsaya ba, kudu zai yi da shanunsa. "To saki naka." Ya saki, zaren taki da ke hannun manomi ya zube a ƙasa. Ba wanda ya ƙara dariya.

Wata matashiyar injiniya ce ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ka manta da kasuwa. In kowa ya samu inji lokaci ɗaya, kowa tumatir zai shuka, kuma tare zai nuna." Ban taɓa ganin Yaya ya yi murna kamar ranar ba. Ya tsinko sabon zare ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Shekara da shekaru ina wannan abu ban taɓa sa kwandon da ke ruɓewa a bakin titi ba."

Akwai bakin zare ɗaya da ba ya ba kowa. Shi yake naɗe shi a yatsansa. Shugaba ya tambayi na wane ne, ya ce, "Na wanda bai zo ba. Ƙauyen da ba a aika wa mota ba, da jikan da ba a haifa ba. Ba su da baki a nan, sai in ara musu nawa." In an ja tulun da ƙarfi, shi ne yake tirjewa.

An raba injunan a shekarar, domin Yaya bai taɓa cewa kada a raba ba. Amma an bar tazara tsakanin rijiya da rijiya, an sa ban-ruwa bi da bi, an rarraba iri tsakanin tumatir da albasa da alkama, an kuma ce wuraren da ruwa ke nutsewa a bar su yadda suke. Inda aka kiyaye an ga amfanin kiyayewa. Inda aka yi watsi ba sai na faɗa ba, masu rijiyoyin can sun sani. Yakan ce, "Amfani a babur yake zuwa, illa kuwa a ƙafa. Kafin ta iso, wanda ya yanke shawarar ya bar kujera, sai ta tarar da wanda bai ji ba bai gani ba."

Ba a taro kaɗai yake riƙe zare ba. A 'yan shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare, aka koma kallon duk mai sanda da malafa da ido biyu, Ardo ya daina shiga kasuwa, sai ya aika. Wata ranar kasuwa Yaya, da ciwon gwiwarsa, ya tafi har ruga ya ce masa, "Tashi ka raka ni in sayi gishiri." Ya riƙe hannunsa suka ratsa kasuwar tun daga 'yan hatsi har 'yan dabbobi, yana tsayawa a kowace rumfa yana gaisawa, yana cewa, "Kun san maƙwabcina ai." Gishirin bai saya ba. Da na tuna masa sai ya ce a gida akwai.

Ba zan yi masa adalci ba in na ɓoye inda hanyarsa ta cutar. Shekarar da aka so a yi mana kwalbati a kan rafin da ya raba mu da hanyar Funtua, Yaya ya riƙe aikin yana son a san inda ruwan zai nufa in an matse shi. Ya yi ta tambaya har damina ta faɗi. A daminar nan marasa lafiya a kafaɗa aka riƙa tsallakar da su, kuma ba duka suka isa asibiti da wuri ba. Na gaya masa a lokacin cewa ya yi kuskure, kuma har yau ban sauya ba. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Gaskiyarka, Ɗan Mishan. Ashe jinkiri ma shawara ce, kuma da nata zaren." Daga ranar, duk inda ya shimfiɗa abawarsa sai ya tambaya, "In kuma ba a yi komai ba, wa zai sha wuya?"

Babban gibin kuwa a cikin gidansa yake. Magaji ɗan fari ne, kuma Yaya, da duk karatunsa, yana riƙe da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunansa ba. Ba ya cin abinci da shi, ba ya zama da shi su yi doguwar magana. In yana da saƙo sai ya ce mini, "Gaya wa mutumin nan kaza." Da Magaji ya girma ya zama magidanci mai 'ya'ya, ya nemi a ba shi kwarin ya yi noman rani, amsar da aka ba ni in kai masa ita ce, "Gaya wa mutumin nan kwari ba na noma ba ne." Ba ƙari, ba dalili.

Magaji ya karɓi saƙon da ladabi, sa'an nan ya ce, "Baffa, ya yi wa shugaban ƙaramar hukuma bayani. Ya yi wa Ardo. Har matar da ke ɗiban ruwa an ba ta zare ta riƙe. Ni sai saƙo." Sai a lokacin na lura cewa duk tarukan da aka yi, har waɗanda aka yi a ƙofar gidansu, in Magaji ya zo sai uban ya kau da kai, zaren ya tsallake shi ya wuce ga na gaba.

Na koma na samu Yaya a gindin tsamiyar kwarin, inda yake son zama da hantsi. Na ce ya kira ɗansa ya yi masa bayani.

Ya ce, "Ku aka koya wa zama da ɗa kamar aboki. Ni ubana bai taɓa kallon tsakar idona ba, kuma ban lalace ba."

Na ce, "To ka rubuta. Ka mayar da kwarin wakafi tun kana da rai, a sa shaidu."

"Takarda ba ta tare garma."

"Me ke tare ta?"

"Mutum."

"Wane mutum? Wanda ba ka yi wa magana?"

Ya kau da kai wajen kwarin. Na ce, "Yaya, kai da ni mun kusa tafiya. Daga nan sai me?" Sau ɗaya ke nan a rayuwata na yi masa tambayarsa, kuma sau ɗaya ke nan na ga ba shi da amsa. Ya ɗauki sandarsa ya ce rana ta yi. Mun yi kwanaki ba ma wasa da juna, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. Daga baya ya aiko mini da gasasshiyar masara sabuwar karya, muka shirya. Amma bai kira ɗansa ba, bai kuma rubuta ba, har ciwon ya kwantar da shi.

Dawa ta fara sunkuyar da kai lokacin da Hajiya ta aiko kirana. Tana cikin takaba, ba ta fita, saboda haka ta bayan labulen ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida ta yi mini magana. Ta ce Magaji ya gaya mata jibi zai kai masu shirin noman ranin su ga kwarin. Sa'an nan hannunta ya fito ta ƙasan labulen da dunƙulen abawa.

"Hedimasta, ka ga yadda Malam yake yi. Ka tara su gobe a nan."

Na ce ni ban iya ba, aikinsa ne.

Ta ce, "Kai da ka koya wa yaran garin nan duka karatu da bulala, zare ne zai gagare ka?"

Washegari da hantsi muka zauna a zauren, ni da Magaji da Ardo da mai unguwar ƙauyen gangare. Na ajiye tulu a tsakiya, na ɗaura zarurrukan da ƙulli mai kyau, wanda na tabbata ya fi na Yaya. Na miƙa wa Ardo na mashaya, na miƙa wa mai unguwa na gonakin gangare. Na zura ɗaya ta ƙasan labule, Hajiya ta kama a madadin mata masu rijiya. Sa'an nan na miƙa wa Magaji na mai inji. Ya dubi zaren a tafin hannunsa ya daɗe. Mutum ne mai furfura a gemu, kuma ranar ya fara taɓa zaren ubansa.

Na ce ya ja. Ya ja a hankali, zaren da ke ƙasan labule ya miƙe.

"Kai, sannu dai," in ji Hajiya daga ciki. "Uwarka ce a nan."

Ardo ya ce, "Hajiya, riƙe da kyau. In ya kufce miki, ni ma nono ba zai ƙara shigowa gidan nan ba."

Muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, yadda na ga ana yi. Mai unguwa ya ce in rijiyoyinsu suka ƙafe matansu sai tafiya mai nisa da jarka. Ardo ya ce shi ya tsufa da ƙaura, amma 'ya'yansa ba za su zauna su ga shanu na mutuwa ba, kuma in suka rasa hanyar ruwa za su bi ta gonakin mutane, kowa kuwa ya san abin da ke biyo bayan wannan a zamanin nan.

Magaji ya saurara har aka gama. Sa'an nan ya ce, "Baffa, na ji. Amma akwai zaren da ba ku sa ba. Samarina biyu, da na maƙwabta, daga an gama girbi ba su da abin yi har ruwa ya sauko. Wasu su tafi birni acaɓa, wasu su tafi ramin haƙar zinariya, wasu ba ma sanin inda suke kwana. Matashin da ba shi da aikin rani, akwai masu nemansa. Ni ba tumatir nake so ba. 'Ya'yana nake so in gani a gabana."

Na san abin da Yaya zai yi, na kuwa yi shi. Na tsinko sabon zare, na ɗaura a tulun, na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Mahaifinka bai sa wannan ba. Da ya ji, da ya yi murna." Na faɗi haka ne domin gaskiya ce, ba domin lallashi ba.

A nan Hajiya ta ce, "Hedimasta, na Malam fa? Wa ya riƙe?"

Muka duba. Bakin zare ɗaya yana kwance a kan tabarma, ba hannun kowa a kansa. Na ɗaura shi bisa al'ada, ban tuna cewa mai shi ba ya nan ba. Magaji ya tambayi na wane ne. Ardo ne ya amsa, ya ce, "Na wanda bai zo ba. Jikokinka, da nawa. Kullum shi yake riƙe musu."

Ni ban ɗauka ba, Ardo bai ɗauka ba. Ba namu ba ne. Magaji ya sunkuya ya ɗauke shi da hannun hagu, ya naɗa a yatsa, ga na inji da na samarinsa a hannun dama. Ya ja dama, hagu ya tsuke masa yatsa. Ya sassauta. Ya sake ja, ya sake sassautawa. Sa'an nan ya ce, ba da kowa yake ba, "Ashe haka yake ji."

Abin da aka tsayar ba duka abin da Yaya yake so ba ne, kuma ba zan ce shi ne ba. Magaji zai karɓi injin. Zai haƙa rijiyarsa can ƙasa, a gefen gabas, nesa da inda ruwa ke kwanciya, ya shuka albasa da ɗan tumatir shi da samarinsa, ya yi ban-ruwa bi da bi da mutanen gangare. Tsakiyar kwarin da tsamiya da hanyar shanu za a bar su. Hajiya ta ce a auna mata tumuninta na gado a tsakiyar, ƙannen Magaji mata suka aiko cewa nasu ma a haɗa a nan. Magaji ya ce wa Ardo, "Amma bana shanunka a gonata za su fara kwana bayan girbi, ba a ta Baffa ba." Ardo ya ce, "Ɗan Malam, tun ba a je ko'ina ba ka fara ciniki?"

Da za a tashi Magaji ya dube ni ya ce, "Baffa, rubuta. Na san ka daɗe kana so." Na rubuta, da layi miƙaƙƙe, shaidu suka sa hannu. Ban sani ba ko takardar za ta tare garma. Yaya ya ce ba ta tarewa, kuma a irin waɗannan abubuwa ya fi ni gani. Abin da na sani shi ne, da Magaji ya karɓi biro zai sa hannu, shatin abawa yana nan a yatsansa, dunƙulen kuma bai mayar wa mahaifiyarsa ba, a aljihu ya sa.

Ya Allah, bawanKa ya yi rayuwarsa yana ara wa marasa baki bakinsa. Ka yafe masa jinkirinsa da shirunsa, Ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya bar wa dabba da mutum wurin sha. Mu da muka rage, Ka ba mu ikon tambayar abin da zai biyo baya tun kafin mu ja.